Fankar da ta ƙi juyawa sai a lamba huɗu

A tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40 da rana, fankar da ke hura iska cikin motata ta sauya hali. Motar tsohuwar jif ce ƙirar 2002 wadda aka shigo da ita daga Amurka tun kafin ta zo hannuna, kuma makunnin fankarta na murɗawa ne, mai lamba ɗaya zuwa huɗu. Idan na murɗa zuwa ɗaya, ko biyu, ko uku, sai shiru, ko motsi babu. Da zarar na kai huɗu kuwa, sai iska ta taso da ƙarfi da ƙara, har ba na jin maganar wanda ke kujerar mai zaman banza.

Mutum na farko da na nuna wa ya ce gas ɗin na'urar sanyi ne ya ƙare, na biyu kuma ya ce injin fankar ne ya mutu, a sayo wani. Ban gamsu da ko ɗaya ba, domin iskar da ke fitowa a lamba huɗu sanyinta ƙalau yake, kuma injin da ya mutu ba zai tashi a wata lamba ya ƙi tashi a wata ba. Abin da ya dace da alamar shi ne wani ɗan ƙaramin abu da masu rewaya ke kira rezista, wanda girmansa bai wuce tafin hannun yaro ba.

Aikinsa yana da sauƙin fahimta. Batirin mota yana bayar da wuta kimanin bolt 12, kuma idan wannan wutar ta ratsa injin fanka ba tare da wani shinge ba, zai juya iyakar ƙarfinsa. Domin a samu iska a hankali, sai a bi da wutar ta cikin rezista, wanda ke rage mata ƙarfi ya mayar da abin da ya rage zafi. Lamba ɗaya ita ce ke bi ta shinge mafi yawa, biyu da uku suna bi ta kaɗan, ita kuwa lamba huɗu hanyarta daban ce, ba ta bi ta rezista ko kaɗan. Shi ya sa idan ya ƙone, sai ƙananan lambobi su mutu, babbar ta ci gaba da aiki. Da a ce babban fiyus ɗin fankar ne ya tsinke, ko injin ne ya mutu, da galibi duka huɗun sun yi shiru tare. Wannan bayani ya shafi motoci masu makunnin murɗawa ne. Waɗanda ke daidaita sanyi da kansu galibi wata na'ura ce mai tiranzisto ke yin aikin, kuma alamominta sukan bambanta.

Na kai motar wurin wani dattijo mai rewaya wanda na daɗe da sanin natsuwarsa a kan aiki. Ya fara da cire kan batir na baƙar waya, sannan muka sauke akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza, na kwanta rabin jikina a ƙasan dashbod ina haska masa da fitilar waya. Can kusa da injin fanka, a jikin bututun da iska ke bi, muka ga soket ɗin rezistan da sukuru biyu da ke riƙe da shi. Ba a banza aka kafa shi a cikin hanyar iska ba, domin iskar da fanka ke hurawa ita ce ke sanyaya shi, in ba haka ba zafin da yake tarawa zai cinye shi.

Da ya fito, ido kaɗai ya isa shaida, domin gefe guda ya yi baƙi, ƙura kuma ta daskare a kansa kamar an shafa masa laka. Duk da haka dattijon bai tsaya ga gani ba. Ya ɗauko mita ya saita ta a ma'aunin om, wato ma'aunin yawan shingen da wuta ke cin karo da shi, ya riƙa ɗora tsinkayenta a kan haƙoran rezistan bi da bi. Mai lafiya yakan nuna ƙaramin adadi, 'yan om kaɗan ko ma ƙasa da ɗaya, amma nawa ko'ina aka taɓa sai mita ta nuna hanya a yanke take. Ya nuna mini wani ɗan abu mai kama da ƙwayar shinkafa a jikinsa, ya ce fiyus ne na zafi, wanda ke tsinkewa idan zafi ya wuce kima domin kada wuta ta tashi a cikin dashbod.

Wani yaron shago ya ce ai ba sai an sayi sabo ba, a ɗaura waya a tsallake fiyus ɗin, fanka za ta tashi nan take. Gaskiya ne za ta tashi, amma ina roƙon duk mai mota kada ya yarda a yi masa haka. Wannan fiyus shi ne kariya ta ƙarshe, kuma abin da ke kewaye da shi duk roba ce da soso da busasshen datti. Dattijon ma ya ƙi, ya juyo gare ni ya ce, "Alhaji, kafin ka sayo wani, bari mu ga abin da ya kashe wannan, in ba haka ba sabon ma bin sa zai yi."

Wannan maganar ce ta fi yi mini amfani a dukan aikin. Rezista ba kasafai yake ƙonewa haka kawai ba: ko dai iskar da ke sanyaya shi ta ragu, ko kuma injin fanka ya yi nauyi yana jan wuta fiye da yadda ya kamata. Muka kwance injin, sai ga busasshen ganyen darbejiya cike da tafin hannu biyu, da guntun leda ya naɗe a fiffiken, da ƙurar hunturu ta shekaru. Kullum a ƙarƙashin darbejiya nake ajiye motar a ƙofar gida, ganyen kuma yana faɗawa ta ragar da ke ƙasan gilashin gaba, inda fanka ke jawo iska, ga shi motar ba ta zo da filta a wannan hanyar ba. Bayan mun share, ya juya fiffiken da yatsa, ya ga yana juyawa sumul ba ya cijewa, sannan ya haɗa injin kai tsaye da batir ya saurara ko zai ji kukan boris. Bai ji ba, don haka injin ya tsira. Ya kuma duba soket ɗin da kyau, domin wanda zafi ya narkar ko haƙoransa suka saki yakan sake haifar da zafi ko da an sa sabon rezista.

Na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa da tsohon rezistan a aljihu, domin rezistoci suna kama da juna ƙwarai, amma yawan haƙora da siffar soket sukan bambanta daga mota zuwa mota. Na zaɓi sabo a kwali maimakon na Beljiyam, saboda na hannu ba wanda ya san irin zafin da ya riga ya sha. Ɗaurawar ba ta kai minti goma ba. Abu ɗaya da dattijon ya hana shi ne gwada shi yana rataye a waje, domin ba tare da iska na bi ta kansa ba yana iya ƙona yatsa, ko ya tsinke sabon fiyus ɗin tun kafin a rufe.

Muka mayar da kan batir, na tayar da mota, na murɗa zuwa ɗaya, sai ga iska mai laushi tana fitowa ba ƙara, biyu da uku ma kowace da ƙarfinta. Tun daga ranar na matsar da wurin ajiye motar daga gindin bishiyar, kuma na sa a raina cewa duk ƙarshen hunturu zan sa a sauke injin fankar a kaɗe shi kafin bazara ta shigo.