Sana'ar ɗauke gida ɗungurungum

Aikinmu a nan Amurka shi ne mu ɗaga gini daga inda yake, mu kai shi wani fili ba tare da an rushe ba. Kamfanin ƙarami ne, kuma yawancin kiran da muke samu na tsofaffin gidajen haya ne masu hawa biyu ko uku: an sayar da filin, amma hukuma ko mutanen unguwa sun ce ginin tarihi ne, ba mai taɓa shi.

Ranar tafiya jama'a ke cika titi suna ɗaukar hoto, kamar yadda aka yi a San Francisco a Fabrairun 2021, lokacin da aka ja wani gida mai shekara 139 zuwa sabon mazauninsa. Sai da aka sassabe rassan bishiyoyi, aka ciro mitocin fakin kafin ya wuce. To amma wannan ranar ita ce mafi sauƙi a wurinmu.

Wahalar tana ƙarƙashi. Mu huda bango daidai kan fandisho, mu zura manyan ƙarafa su tallabi ginin ta tsawo da faɗi, sannan mu jera jak a ƙarƙashinsu, dukkansu haɗe da famfon mai guda ɗaya don su tashi tare. In kusurwa ɗaya ta riga sauran ko da kaɗan ne, ginin bulo ba ya yafiya, nan take tsaga za ta fito daga saman taga. Na katako yana da haƙuri, yakan ɗan lanƙwasa ya koma. Duk ɗagawar da aka yi, yara su cusa katakai giciye-giciye a ƙasa, ko jak ya saki akwai abin tara. Bututun hayaƙi kuwa shi na fi tsoro, domin simintinsa ya daɗe da zama gari.

Masu gida sukan tambaye ni ko 'yan haya za su iya zama a ciki. An taɓa yi: a Mosko a 1939 an ja wani katafaren gidan haya baya daga bakin titi cikin dare, mutane na barci. Yau kamfanin inshora ba zai saurare ka ba. Kowa ya fita, a yanke gas da ruwa da wuta, sannan mu sa hannu.