Abin da Saita Fokas a kan Taurari ya Koya Mini

Sana'ata ɗaukar hoto ce, galibi na biki da suna da taruka a nan cikin garin Kaduna, kuma a irin wannan aiki kyamara ce take nemo fokas da kanta, domin akwai haske, akwai fuskoki, akwai tufafi masu zane da za ta kama. Tauraro ba ya ba ta ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ɗigo ne na haske a tsakiyar duhu, don haka tun da na fara koyon ɗaukar hoton sararin samaniya da kayan da na haɗa da hannuna, nauyin saita fokas ya dawo kaina gaba ɗaya. Babban darasin da na samu shi ne cewa wannan aiki na awo ne, kuma wanda ya bar wa idonsa hukunci zai wayi gari da hotunan da taurarinsu suka kumbura.

Na fara fahimtar dalilin hakan ne da na duba lissafin. Tazarar da hoto yake zama a cikin fokas sosai ƙarama ce ƙwarai, kuma tana ƙara matsewa gwargwadon yadda aka buɗe bakin gilashi. Lambar f ce take nuna wannan buɗewa, ƙaramar lamba tana nufin baki mai faɗi. A na'urar hangen nesa mai f/5, tazarar ba ta kai maikiron 70 ba, wato kusan kaurin gashin kai guda, a f/4 tana sauka zuwa wajen 43, a f/2.8 kuma wajen 21. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Duk wanda ya riƙe waɗannan alƙaluma a ransa zai daina dogara da alamar nesa mara iyaka da aka zana a jikin gilashin kyamara, domin yawancin gilasan zamani ana ƙera su ne yadda zoben da ake murɗawa a saita fokas zai iya zarce wannan alama, saboda a bar wa ƙarfe da gilashi wurin motsi idan zafi ko sanyi ya canza. Murɗa zoben har ƙarshe, kamar yadda masu koyo da yawa suke yi, yakan wuce inda ake nema.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne faifan Bahtinov, wanda wani ɗan ƙasar Rasha mai sha'awar hoton taurari, Pavel Bahtinov, ya fito da shi a shekarar 2005. Faifai ne baƙi da ake ɗorawa a bakin na'ura, an tsaga shi da dogayen ramuka kashi uku: rabi guda ramukansa a miƙe suke, ɗaya rabin kuma an raba shi biyu, kowane ɓangare ramukansa sun karkata zuwa nasa gefen. Idan hasken tauraro ya ratsa su, sai ya fito a allon kyamara da layuka uku, biyu sun gitta juna, na ukun kuma yana ratsa tsakaninsu. Idan ana murɗa fokas, wannan na ukun ne yake tafiya hagu ko dama, kuma fokas ya zauna ne daidai lokacin da ya tsaya a tsakiyar mahaɗar sauran biyun. Amfaninsa biyu ne, domin yana nuna cewa an kauce, yana kuma nuna ɓangaren da aka kauce, abin da kallon girman ɗigo kawai ba ya iya yi.

Nawa faifan na yanka shi ne daga baƙar robar bangon fayil, bayan na buga zanen a takarda na manna a kai, na bi layukan da sabuwar reza da rula ta ƙarfe. Kwali ma yana yi, sai dai gefen yankansa yakan yi gashi, kuma a ƙarshen damina raɓa tana jiƙa shi ya lanƙwashe. Abin da na lura da shi shi ne tsabtar gefen ramukan ta fi yawansu muhimmanci, domin gefen ne yake haifar da layukan hasken. Ga gilashin kyamara mai gajeren zango kuwa, wato mai ɗaukar fili mai faɗi, dole ramukan su zama sirara sosai, in ba haka ba layukan sukan fito gajeru har a kasa karanta su. A irin wannan hali nakan koma ga allon kyamara, in ƙara girman hoton sau goma, in lura da abu biyu: ƙananan taurari marasa haske suna bayyana ne kawai idan an kusa fokas, sannan a gilasai da yawa tauraro yakan yi zobe mai ruwan shunayya a gefe ɗaya na fokas, mai ruwan kore a ɗaya gefen.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne wurin abin murɗa fokas ɗin kansa, domin a nan ne raunin kayan gida yake, ba a madubin da ke tara haske a cikin na'urar ba. Bututun roba na famfo da ake zura wani cikin wani yana da arha, amma yana da rawa, kuma nauyin kyamara yakan ja shi ƙasa idan aka ɗaga na'urar sama. Na kai matsalar Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe a Kaduna, wurin wani dattijo mai aikin injin feƙe ƙarfe, na ce masa, "Baba, ina son abin da zai motsa ƙasa da kaurin gashi kuma ya tsaya inda na bar shi." Shawararsa ce ta sa muka yi amfani da noti mai lamba M6, wanda zagaye ɗaya nasa milimita ɗaya ne cif. Muka ɗaura masa faffaɗan murfin gwangwani a matsayin mariƙi, na raba gefen murfin kashi ashirin da farin fenti, ta yadda kowane zane yake daidai da maikiron 50. Muka kuma ɗaure bututun da robar tsohon tiyub na keke domin ta riƙa jan sa zuwa gefe ɗaya kullum, ta cinye wasan da ke tsakanin noti da mazauninsa. Duk da haka, ƙa'idata ita ce in iso fokas daga ɓangare ɗaya a kowane lokaci, idan kuma na zarce, sai in koma baya sosai in sake tahowa.

Yanayin Kaduna yana da nasa hukuncin. Lokacin hunturu ne sama take washewa daga gajimare, amma a lokacin ne kuma zafin rana yakan haura digiri 30, sannan a wasu darare ya sauka ƙasa da 15 kafin asuba. Bututun alminiyom mai tsawon mita ɗaya yana tsukewa da kusan maikiron 23 a kowane digiri, don haka saukar digiri biyar kawai ta isa ta fitar da na'ura mai f/5 daga fokas, robar famfo kuwa tsukewarta ta haura ninki biyu na wannan. Saboda haka nake fitar da kayan tun bayan magariba su sha iska kafin a fara aiki, kuma nake mayar da faifan in sake dubawa duk bayan kusan awa ɗaya, ko duk lokacin da na ji sanyi ya ƙaru a jikina. Rufin kwano da daɓen siminti suna ci gaba da fitar da zafin da suka sha da rana, iskar da ke tashi daga kansu tana sa layukan faifan rawa, don haka na fi son kafa kaya a kan ƙasa ko ciyawa, nesa da janareto.

Zaɓen tauraron gwaji ma yana da ƙa'ida. Zara tana jan ido saboda haskenta, amma duniya ce mai faɗi a cikin na'urar hangen nesa, layukanta sukan yi kauri su rikita awo. Tauraron arewa a nan Kaduna wajen digiri goma da rabi kawai yake daga ƙasa, inda hazo da ƙura suka fi yawa. Na fi son tauraro mai haske da ya yi sama sosai kuma yake kusa da abin da zan ɗauka, domin kada juya na'urar da nisa ya motsa madubi. Idan Kaza da 'Ya'yanta nake nema a watan Disamba, nakan saita a kan Aldebaran ko Kapela, taurari masu haske da ke kusa da ita, in ɗaure zoben da tef, in cire faifan, sannan in ɗauki hoton gwaji na daƙiƙa kaɗan in buɗe shi a kwamfuta. Allon kyamara ƙarami ne, yana ɓoye kumburin da babban allo zai nuna, kuma manhajar gyaran hoto ba ta iya dawo da ƙananan taurarin da haskensu ya riga ya baje ya ɓace a cikin duhu.