Wayar da ta kusa sa ni sayen giyabos a Ibadan

Shekaranjiya da daddare muka shigo Kano, har yanzu bayana bai sake ni ba amma gara in rubuta tun abin yana da ɗumi. Legas muka je ni da ƙanina sayo mota, Corolla 2005 atomatik, irin wadda su can suke ce wa tokumbo mu kuma mu ce Beljiyam. Zuwan babu wani labari, motar dare muka hau daga Sabon Gari, a zaune muka kwana a zaune muka wuni.

A Agege muka sauka, kuma wallahi in ba don zafin nan mai danshi da hayaniyar danfo ba sai ka rantse a Fagge kake, mai shayi Bahaushe, mai nama Bahaushe, ladan ma muryar gida. Washegari muka nufi kasuwar motoci ta Berger wajen Apapa. Ciniki a can ba irin namu ba ne. Mu nan in ka taya kaya mai shi zai ce albarka, ku yi dariya, a ƙara, a rage, wani lokacin har a aiko maka da ruwa. Can kuwa kana faɗin kuɗinka mutum zai juya maka baya ya ci gaba da danna waya kamar ka zage shi, ga dillalai sun fi biyar a kan mota ɗaya kowa yana cewa shi ya kawo ka. Sai da muka yi tafiyarmu sau biyu ana kiranmu kafin aka daidaita, an rage mana kusan dubu 400 daga farashin farko. Na duba takardun kwastan, na duba lambar bodi, mun zaga da ita cikin unguwa lafiya lau, sai dai a cunkoson Legas ina za ka samu filin da mota za ta shiga giya ta huɗu balle ka san halinta?

Da asuba muka kama hanyar Ibadan. Ba mu yi nisa ba na faɗa wani ɗan rami, sai ga wata fitila ruwan lemo ta kama a dashbod, an rubuta O/D OFF, wato an kashe obadiraif, giya ta huɗu, nan take injin ya ɗaga murya, allurar juyin inji ta haura 3,000 alhali gudu 100 kawai nake. Na danna ɗan maɓallin da ke jikin kan giya, shiru, na sake dannawa, shiru. Can an jima muka taka wani gargada ta mutu da kanta motar ta yi laushi, an jima kuma ta dawo. Haka muka yi ta yi. Ƙanina ya ce Yaya kalli allurar mai fa, na kalla gabana ya faɗi, don tun da aka cire tallafi a watan Mayu 2023 duk mai mota ya san abin da lita ɗaya take nufi, ga fiye da kilomita 1,000 a gabanmu.

Bakaniken farko da muka samu a bakin titi da shigarmu Ibadan ko bonet bai buɗe ba. Ya leƙa ya ga fitilar, ya ce giyabos ne ya tafi, a kawo dubu 450 ya sa mana wani zuwa jibi. Da na ce ko a fara duba waya sai ya ɗaga min hannu ya ce in na fi shi sani in gyara da kaina. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba kuɗin kaɗai ba, yadda ya ga baƙi da sabuwar mota ya yanke mana hukunci a tsaye.

Sai na tuna da wani aminin mahaifinmu a Sabo, unguwar Hausawa da ke kusa da Mokola, wadda aka kafa tun 1916. Na kira shi, ya ce maza ku taho, kada ku bari kowa ya kwance muku ko noti ɗaya. Bawan Allahn nan a Ibadan aka haife shi, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, amma da muka shiga gidan tabarma aka shimfiɗa mana a zaure, aka kawo fura sannan tuwon shinkafa miyar taushe, kuma ya rantse ba za mu kama hanya ranar ba. Na ce Baba ai mun ɗora maka nauyi, ya ce nauyin me, gidan ubanku kuka zo.

Baban ne ya sa yaro ya raka mu wajen wani dattijo Bayarabe mai gyaran wayarin, ƴar rumfa ce ta kwano da tsofaffin batura a jibge. Ashe ya yi shekaru a Kano, da jin inda muka fito ya washe baki ya ce sannunku da hanya Alhaji, yaya Kwari yaya Kofar Ruwa? Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, abin da ya tambaya ɗaya ne, fitilar kyaftawa take yi ko tsayawa take a kunne? Na ce tsayawa take, sai an faɗa rami ta canza. Ya ce to giyarka lafiyarta ƙalau insha Allahu, motar ce take zaton kai ne kake danna maɓallin.

Na zauna a kujerar gefe ina kallon komai. Ya ja burkin hannu, ya murɗa makulli bai tayar da inji ba, ya taka burki ya jawo libar giya baya don ya samu sarari, ya zame robar da ke ƙarƙashin kan giyar sai ga wasu ƙananan sukurori biyu a ɓoye. Ya kwance su ya zuba a murfin gwangwani. Ƙanina ya kai hannu zai taya shi fizgo kan, ya riƙe masa hannu ya ce a'a yaro, ba a fizga, akwai wayoyi biyu sirara da suka taso daga maɓallin suka bi jikin libar har ƙasa, in ka ja da ƙarfi ka tsinka su daga saman inda ɗori yake da wuya, kuma akwai ɗan sifirin a cikin madannin babban yatsa, in ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujera sai an wuni ana nema. Don haka sai da ya ɓalle robar tsakiya da ta kewaye giyar, ya zura hannu ya zare soket ɗin daga ƙasa, sannan ya ɗago kan a hankali wayoyin na biye da shi.

Ya haska min da tocila ya ce Alhaji duba nan. Daidai gindin libar, inda take lanƙwasa waya duk sanda aka sa giya, ɗaya ta tsinke, bakinta a fere jan ƙarfen a waje yana goga jikin ƙarfen mota, ɗayar ma rigarta ta tsage. Ya ce akwai wanda ya taɓa buɗe wurin, wataƙila garin sa rediyo, da zai mayar ya danne wayar da roba. Shi ya sa maɓallin ya daina aiki, ita kuma wayar duk sanda ta taɓa bodi sai kwamfutar motar ta ɗauka an ce ta kashe obadiraif, ta hana giya ta huɗu shiga ta bar ka a ta uku. Ya ce maɓallin nan an yi shi ne don hawan dutse ko gangara mai tsawo ko in ka ɗauko kaya mai nauyi, a miƙaƙƙen titi kuwa a bar fitilar a mace.

Abin da ya fi burge ni bai murɗe wayar ya naɗe da salatif ya ce a tafi ba, yadda da yawa suke mana a gida, kwana uku zafi ya narkar da gam ɗin ka dawo. Yanke ruɓaɓɓen wurin ya yi, ya ƙaro sabuwar waya mai ɗan tsawo don ta samu sakewa, ya liƙe da dalma, ya zura mata ƴar robar nan da ke tsukewa in an kara mata wuta, ya ɗaure ta nesa da inda ƙarfe ke motsi. Kafin ya rufe sai da ya mayar da soket ya ce in danna, fitila ta kama, na sake dannawa ta mutu, ya yi ta kai libar gaba da baya yana girgiza wayar ba ta ko motsa ba. Duka duka minti 40. Na ce Baba nawa ne, ya ce dubu 3. Na ba shi 10 ya ƙirga ya mayar min da 5, ya ce sauran ku sha ruwa a hanya, ya ci gishirin Kano da yawa.

Washegari bayan asuba muka yi sallama da mutanen Sabo, an cika mana leda da goro da burodi. Muna hawa titin Oyo na ji ta shiga ta huɗu sumul, allura ta sauko wajen 2,300, ƙanina har da kabbara.

Tsakanin Ogbomosho da Ilori wani jami'i ya riƙe mana takardu kusan awa guda a rana, komai cikakke amma yana ta juya su yana mana tsawa kamar ya kama ɓarayi, da ya ga ba za mu ba da komai ba ya watso min su ta taga. Mun tsallaka gadar Jebba da azahar, Mokwa tankoki sun cushe hanya, a Bida muka kwana. Hanyar Lapai zuwa Lambata ramuka ne zalla, kowanne muka faɗa sai na saci kallon dashbod, fitilar ba ta sake kamawa ba. Kaduna muka sha mai, Zariya muka yi la'asar, ana kiran isha muka wuce Kura.