Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Malam Mai Fatsa

A makon jiya mun tsaya inda muka sauke kaya a Yelwan Yawuri, ni da amaryata da akwatin littattafai, a farkon shekarar 1984. Lokacin Yawuri tana cikin jihar Sakkwato, don sai a 1991 aka yanke Kebbi, saboda haka a ɗauke malamin makaranta daga Gusau a jefa shi can ba abin mamaki ba ne. Na shirya wa zafi, na shirya wa sauro, na shirya wa nisa da gida. Ruwa ne kaɗai bai shigo lissafina ba.

Ni ɗan tudu ne. Gulbin da na sani a Gusau da rani yakan ja jiki ya bar mana yashi muna tamaula a kai. A Yawuri kuwa sai ga Neja, wadda mutanen wurin ke kira Kwara, ta shimfiɗu har ido ya gaji. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwan ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, Yelwa tana can bakinsa na arewa. Ruwan ya ci tsohuwar Busa da gungunan da Gungawa ke zaune a kai, aka tashi mutum kusan 44,000 aka sake musu matsuguni. Da na zo, dattawa ba su daina nuna tsakiyar ruwa da leɓe suna cewa can ne gonar albasarmu take ba.

A makarantarmu akwai baƙin malamai, kamar yadda aka saba a wancan zamani: Indiyawa biyu, ɗan Gana ɗaya, sai wani saurayin Bature ɗan sa-kai daga Ingila da ke koyar da kimiyya. Shi ne ya ja ni. Ran wata Asabar ya zo ƙofar gidana da wata doguwar jaka, ya roƙe ni in raka shi bakin ruwa in yi masa tafinta, yana son hayar kwalekwale. Na bi shi don kunya kawai.

A bakin ruwa aka nuna mana wani dattijo Basarke yana ɗinkin kalli, wato tarun kamun kifi, a inuwar jirginsa. Sarkawa su ne masu gadon su a wannan yanki, su ake tambaya kafin a taɓa ruwa. Muka gaisa, na faɗa masa buƙatarmu. Bature ya buɗe jakarsa, ya harhaɗa sanda gida uku ta zama ɗaya, ya ɗaura mata ɗan keken naɗe zare. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, tambaye shi. Yunwa ce ko fatauci?"

Na tambaya. Na ce, "Baba, wai nishaɗi ne."

"To, Allah ya kyauta. Ku shigo."

Ranar Bature ya kama giwan ruwa matashi, kamar tsawon hannuna. Ya sha fama kafin ya kawo shi gefen jirgi, gumi sharkaf. Baba ya riga ya ɗauko ɗan kulkinsa zai kwaɗa wa kifin a ka. Sai Bature ya tare, ya cire ƙugiya a hankali, ya auna kifin da wani ɗan sikeli, ya rubuta a littafi, ya sunkuya ya mayar da shi ruwa. Ba zan manta fuskar Baba ba. Bai ce uffan ba sai da muka kusa gaci, sannan ya matso kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Malam, abokin nan naka, a gida an san halin da yake ciki?"

Da na juya masa maganar a Turance, da gyara, Bature ya yi dariya ya ce a ƙasarsu haka ake yi da kifin kogi. Mutum yakan yanki lasisin sandarsa, ya kama, ya auna, ya saki. Kuma daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni ba a yi wa irin waɗannan kifayen fatsa a kogunan Ingila, don lokacin suke zuba ƙwai. Wannan ta biyun ce kawai ta shiga kunnen Baba. Ya ce ai ko a Argungu haka ne, gulbin Matan Fada a rufe yake duk shekara sai ranar bukin kamun kifi, kuma wanda ya saci jiki ya shiga ya san da wa zai gamu. Amma a kama a saki, wannan dai bai ga kansa ba har Bature ya bar garin.

Da wa'adinsa ya cika zai koma gida, sai ya bar mini sandar da keken da wata 'yar gwangwani cike da ƙugiyoyi. Na jingine ta a bayan ƙyaure da niyyar in sayar. Ban sayar ba. Wata Juma'a da la'asar, bayan na gama duba jarrabawar yara kaina ya yi nauyi, na saɓa ta na nufi ruwa.

A nan matsala ta fara, kuma ba daga kifi ba. A wurinmu fatsa wasan yara ce. Yaro ya sami kara da zare da lanƙwasasshiyar allura, ya tono tana, ya je ya kamo 'yan karfasa, ba mai cewa komai. Babba kuwa, in ya shiga ruwa to sana'arsa ce, ta ubansa ce, da ita yake ci da iyali. Amma ma'aikacin gwamnati mai albashi, mai zuwa aji da kaftani a goge, a gan shi zaune kan dutse da sanda yana kallon ruwa tun la'asar har magariba, wannan ba shi da gurbi a lissafin kowa. Kafin wata ya zagayo ɗalibai sun raɗa mini suna. Ina wucewa sai in ji daga bayan aji, "Malam mai fatsa!"

Uwargida ba ta yi faɗa ba, ita ba mai faɗa ba ce. Ta dai jira na gama cin tuwo, ta ɗauke kwano, ta ce, "Malam, in kuɗin cefane ne suka gaza ka faɗa mini, sai in rage hannu. Matan maƙwabta sun fara yi mini jaje."

Na ce kuɗi ba su gaza ba.

"To mene ne a ruwan?"

Na rasa amsar da zan ba ta a daren nan. Ina da ita yanzu, bayan shekaru, ko da yake ba lalle ta gamsar da kowa ba. Malamin makaranta tun safe bakinsa bai hutawa, kunnensa bai hutawa. A gida baƙi, a masallaci gaisuwa, a hanya iyayen yara. Mu Hausawa ba mu da al'adar barin mutum shi kaɗai, in ka keɓe sai a ce ko lafiya. Sandar nan ita ce ta ba ni hujjar zama shiru ba tare da an zo yi mini sannu ba.

Limamin unguwarmu ma sai da ya sa baki, amma shi da ilimi ya zo. Bayan sallar isha'i ya riƙe ni, ya ce ya ji labarin Baturen da ke kamawa yana saki, yana fata ban ɗauko wannan ba. Ya tuna mini abin da muka karanta a Risala tun muna zaure: farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halas ce. Ya ce, "Malam, in ka kama ka ci, ko ka ba mabuƙaci. Kada ka huda bakin dabba don jin daɗinka kawai." Na karɓi wannan hannu biyu, kuma har yau a kansa nake. Ƙanana nakan mayar, don Baba ya koya mini cewa kifin bana ƙarami shi ne babban baɗi. Amma wanda ya isa tukunya, tukunya zai shiga. Daga lokacin da liman ya fara samun tarwaɗa a gidansa duk ƙarshen mako, jajen matan unguwa ya ragu ƙwarai.

Wanda ya mai da ni mai fatsa na gaske dai Baba ne. Da farko kallon ɗan birni yake yi mini, har sai da ya ga ina zuwa ba fashi, ko na kama ko ban kama ba. Wata rana ya iske ni tsaye a kan dutse, rana a bayana, inuwata ta faɗa ruwa, farar rigata tana ɗaukar ido. Ya ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma. Zauna ƙasa, ɗana." Daga ranar ya daina ce mini Malam.

Shi ya koya mini cewa Kwara ruwa biyu take kawowa a shekara. Akwai farin ruwa, na damina, wanda ke zuwa daga wajen Agusta ɗauke da lakar gulaben ƙasarmu, ka sa hannu ba ka ganin yatsunka. Sai baƙin ruwa, wanda ke isowa da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigo ba ya sauka daga sama. Wannan ya ɗaure mini kai har na koma na buɗe taswira. Ruwan saman da aka yi ne a duwatsun Gini, ya bi ta fadamun Mali ya yi watanni yana jan ƙafa, lakarsa ta kwanta a can, ya iso mana garau. Baba bai taɓa ganin taswira ba, amma ya san makon da zai iso, ya kuma san abin da kowane ruwa ke so. A farin ruwa, kifin da ke bin wari ake nema: tarwaɗa, ƙurungu, ragon ruwa. Koto kuwa tana, ko hanjin kaza da ya kwana, ko ɗan gutsuren sabulu, wanda na ɗauka zolaya ce sai da na ga tarwaɗa ta haɗiye shi. A baƙin ruwa kuma masu farauta da ido ke fitowa, tsage da giwan ruwa.

Ƙurungu ya ba ni tabon da ke babban yatsana na hagu. In ka fito da shi yana wani gurnani, ya miƙe ƙayoyinsa uku su kafe, in ka damƙe shi da garaje sai ka kwana kana yarfe hannu. Minjirya kuwa sau ɗaya ake gaya wa mutum.

Amma tsage shi ne kifin da ya hana ni sayar da sandar nan har abada. Haƙoransa a waje suke, masu tsini, suna shiga tsakanin juna, zaren roba ba ya kai masa ko'ina. Ƙugiyoyin Bature sun kusa ƙarewa a bakinsa kafin Baba ya tura ni wurin mai gyaran keke in samo tsohuwar wayar birki. Muka warware ta, muka zaro sili ɗaya kamar taƙi guda, muka ɗaura tsakanin zare da ƙugiya. Sannan ya sa na sato cokalin shayi daga kwandon uwargida. Maƙeri ya yanke mariƙin, ya huda gaba da baya, muka rataya ƙugiya, muka goge shi da toka har yana walƙiya. In ka jefa shi ka dinga naɗowa, sai ya riƙa juyi cikin ruwa kamar ɗan kawara mai rauni.

Da sanyin safiya muka fita, hazo ya rufe ƙetaren Rofiya, Baba yana tuƙi a hankali ta gefen ciyawar burgu inda ƙananan kifi ke fakewa. Ya nuna mini wani wuri da ruwa ke murɗawa a bayan dutse. Na jefa, na naɗo, ba komai. Na sake. Ina cikin naɗowa sai na ji an fizgi sandar har ta kusa suɓuce mini, keken ya ɗauki ƙara, zare yana fita. Can sai ga shi ya yi tsalle sama da ruwa gaba ɗaya, jikinsa fari fat da ratsin baƙi, wutsiya ja, yana girgiza kai don ya tofar da cokalin. Baba yana ta faɗin, "Kada ka sassauta! Kada kuma ka ja da ƙarfi!" Ni kuwa na rasa yadda ake haɗa biyun. Sau uku yana tashi. Da ya gaji ya kwanta a gefen jirgi, Baba ya sa hannu ta bayan kansa ya ɗago shi, ya ce in kiyayi yatsuna, don ko a cikin jirgi yana datsa.

Naman tsage ƙaya gare shi, ba ya kai giwan ruwa daraja a kasuwa. Uwargida ta soya shi tana mita, ta kuma gane cokalinta.

Masu zuwa Yawuri yanzu suna ce mini kifi ya ja baya, manyan giwan ruwa sai an dace. Tun a wancan lokaci Baba yana ƙorafi kan masu jan dala, tarun nan mai ƙananan ido da ake kama warangi da shi, wanda ke kwashe har da 'ya'yan manyan kifi. Yakan ce mai ƙugiya ɗaya bai taɓa ƙarar da gulbi ba. Ina ganin shi ya sa bai ɗauke ni kishiya ba, har yakan ce wa sauran Sarkawa su bar ɗansa ya yi wasansa.

Ashe duk wannan abin da ake ciki, wani direban motar albasa da ke zuwa Gusau ya kai labari gida. Kuma labari in ya yi tafiyar mota ba ya isa yadda ya tashi. Abin da ya shiga kunnen Inna shi ne ɗanta, wanda ta sayar da shanunta biyu ya yi karatu, ya ajiye aikin gwamnati ya koma su. Wata Asabar na dawo daga ruwa, wando a naɗe, sanda a kafaɗa, tarwaɗa biyu a rataye, sai na ga takalmanta a ƙofar ɗaki, da na Kawu a gefe. Uwargida ta tare ni a zaure ta karɓi kifin, ta ce, "Malam, ka wanke ƙafa tukuna."

Yadda muka kwashe da Inna da Kawu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.