Maganar tsohon Darak da na tauye

Ni ɗan Garwa ne, a unguwar Hausare na tashi. Hausa a gida, Fillanci a kasuwa, Faransanci a lakwal, wato makaranta, Larabcin Shuwa kuma a Kusiri na tsinto shi wajen kawuna mai sayar da busasshen kifi. Ingilishi sai da na je jami'ar Ngaundere ya zauna min a baki. Da harsuna biyar ɗin nan na samu aiki da wata ƙungiya a Njamaina, kullum da safe in haye gadar Ngeli, wadda ta haɗa Kusiri ta Kamaru da Njamaina ta Cadi, da yamma in dawo, kuma gaskiya lokacin gani nake ai na gama da aikin, tunda duk wanda ya buɗe baki ina jin sa.

Aikin dai tafinta ne da rubuta rahoto, mu zauna da jami'an ƙasashen tafkin Cadi, Kamaru da Cadi da Nijar da Najeriya, su da suka kafa hukumar tafkin tun 1964. A irin wannan zama akwai Faransancin ofis, mai santsi, wanda ba ya taɓa kowa, ni ma na iya shi sosai.

Wata rana aka kai mu wajen Darak, wani gari a yankin tafkin Cadi. Wanda ya san wurin ya san labarin, ruwa ya ja baya, masunta daga Najeriya suka bi shi suka kafa garuruwa, sai kotun duniya ta yanke a 2002 cewa ƙasar Kamaru ce, Najeriya ta janye a ƙarshen 2003. Wani tsoho ya miƙe, hannunsa duk sawun igiyar koma, ya ce da Hausa, "Mu ba mu tsallaka iyaka ba, ruwa muka bi. Yanzu kifi ɗaya mutum uku ke karɓar kuɗi a kansa kafin ya kai kasuwa." Ni kuwa na juya na ce wa baƙin jama'a na fuskantar matsalolin zirga-zirga da na haraji. Suka gyaɗa kai suka rubuta, aka wuce.

Da aka tashi ya riƙe min hannun riga. Ba ya jin Faransanci amma ya ƙirga. "Ɗana, na yi magana mai tsawo kai ka yi gajera, kuma fuskarsu ba ta canza ba. Me ka gaya musu?" Na ce Baba na faɗa, amma wallahi muryata ta ƙi fita da kyau.

Wannan abin ya daɗe yana cina. Mutumin nan sau ɗaya zai samu waɗannan mutane a gabansa, ƙila har ya mutu, kuma ta bakina kaɗai zai bi, ni kuma na zaɓi kar in ɓata wa manya rai. Amana ce na ci ko da ban yi niyya ba.

Tun ranar in mutum ya ce uku ina cewa uku, in da ɗaci ya faɗa da ɗacinsa nake kai wa, in karin magana ya yi sai in tsaya in warware ta ko shugaban zama na duban agogo. An sha ce min ba haka ake diflomasiyya ba, har wani zama aka cire sunana. Da na dawo ofis a makon da muka je Darak sai da na roƙi a bar ni in gyara rahoton Darak, na sa maganar tsohon yadda ya faɗe ta, a shafi na huɗu.