Hawan dutse da yaron da bai wuce shekara uku ba

Duwatsun ƙasar Katsina ba wani tsawo ne da su ba. Wanda ke garin Dutsin-Ma da ƙananan da ke bayan ƙauyuka, babba mai lafiya zai hau ya sauko bai gaji ba. Abin da ke sa su wuya idan da yaro shi ne yanayinsu: falalen dutse ne sumul, babu inuwa, babu abin kamawa, rana kuma tana ɗagowa sai dutsen ya ɗauki zafi kamar tandar masa. Saboda haka tun daga gida ku cire zancen kaiwa ƙololuwa. Ku tsara fita ta awa biyu zuwa uku, a hau iya inda ya sauƙaƙa, a juyo yaro bai fara rigima ba.

Kafin komai a bincika lafiyar wurin. Yankin dajin Rugu, irin su Batsari da Safana da Ɗan Musa, ba wurin yawon iyali ba ne a wannan zamani, Dutsin-Ma ɗin ma sai an tambayi mutanen gari halin da ake ciki a makon. Ku zaɓi dutsen da ke jikin gari, inda ake hango gidaje kuma waya na da sabis. Ku gaida mai unguwa, ku nemi wani ɗan gari ya raka ku. Shi zai nuna muku hanyar da makiyaya ke bi, kogon da zuma ta sauka, da gefen da masu fasa dutse ke aiki.

Lokacin da ya fi dacewa daga Nuwamba ne zuwa Janairu. A bazara zafi na haura digiri 40, wannan ba abin da za a gwada da yaro ba ne. Da damina kuwa gansakuka na kama dutsen ya yi santsi, ga tsawa. A hunturun ma a bar ranar da hazo ya yi kauri, balle ga yaro mai asma. Ku isa gindin dutsen gari na wayewa, ƙarfe tara ku juya, zuwa goma kuna ƙasa. Kafin a zaunar da yaro, ɗora bayan hannunka a kan dutsen ka ƙirga biyar; in ba ka iya jurewa ba, shi ma ba zai iya ba.

Yaro ɗan shekara biyu nauyinsa wajen kilo 12 ne, kuma tafiyar da zai yi da ƙafarsa kaɗan ce, don duk tsakuwar da ya gani sai ya tsaya. Mafi yawan hanyar a baya zai yi ta. Zani da majanyi sun wadatar, matuƙar an ɗaure tamau aka ɗago yaron sama, aka kuma sake duba ɗaurin duk sanda aka tsaya, domin gumi na sassauta shi. Uwa ta bar dogon hijabi a mota ta sa gajere, don dogon take shi ake yi a wurin hawa, yana kuma rufe yaron zafi ya taru masa a ciki. Silifas ma a bar su, kowa ya sa kambas mai kama ƙasa, yaron har da safa saboda ƙarangiya da tsidau. Maigida, jaka taka ce, amma kada ka ɗora yaro a wuya a kan dutse. Nauyi na komawa sama, kana zamewa shi zai faɗo daga tsawonka duka.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare: a kama hannun yaro ɗaya a fizgo shi sama don ya haye tudu. A wannan shekarun jijiyar da ke riƙe gwiwar hannu ba ta yi ƙwari ba, fizga ɗaya na iya gocar da ita. Za ka ga ya saki hannun yana reto, ya ƙi amfani da shi, yana kuka in an taɓa. Kada a ja, kada a murza, a kai shi asibiti, gyaran ba ya ɗaukar lokaci a hannun wanda ya sani. Ɗaga yaro ta ƙarƙashin hammata ake yi, da hannu biyu.

Ruwa kuwa, lita biyu ga kowane babba, lita ɗaya ta yaro, a riƙa ba shi kurɓi kaɗan kaɗan duk bayan minti ashirin ko bai tambaya ba. Wanda bai bar nono ba a shayar da shi a kowane zango. A riƙe ƙunshin ORS guda, garin gishiri da sukari da ake ba yaro in ruwan jikinsa ya ragu: lita ɗaya ake haɗa shi da ita, wato fiya wata leda biyu. Baki ya bushe, kuka babu hawaye, fitsari ya ragu ya yi duhu, ko yaro mai ƙiriniya ya yi laƙwas, duk alamun a sauka ne nan take. Abinci a tafi da ayaba, dafaffen ƙwai, ƙosai, da dabinon da aka cire wa ƙwallo aka yayyanka. Gyaɗa da aya a bar wa manya, suna shaƙe ƙananan yara. A shafa masa man kaɗanya a leɓe, a sa masa hula.

Inda za a huta a duba shi da kyau, nesa da bakin gangare, babba ɗaya kuma ba shi da aiki sai riƙon yaro, ko hoto ba nasa ba ne. Kada a bar shi ya zura hannu a tsaga ko ya ɗaga dutse, nan kunama da kububuwa ke fakewa. A gindin dutse a kula da tumfafiya, ƙaronta na illa a ido, da zaƙami, wanda ba banza ake ce masa haukata yaro ba. In tsautsayi ya sa maciji ya yi sara, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya. A cire abin hannu ko na ƙafa, a hana yaron motsi, a ɗauke shi zuwa babban asibiti.

Saukowa ta fi hawa haɗari, don gwiwa ta gaji, yaro ya yi barci a baya nauyinsa ya karkata, ƙananan tsakuwa kuma na gangarawa a ƙarƙashin takalmi. Maigida ya shiga gaba, ya tsaya ƙasa da mai goyo taku biyu, ita kuma ta riƙa sauka a kaikaice, taku gajere, hannuwanta duka babu komai. Inda gangaren ya yi tsanani a kwance goyon, ɗaya ya sauka ya kafa ƙafa, a miƙa masa yaron hannu da hannu. In yaro ya bugu a ka ya yi amai, ko barcin da ba a gane masa ba ya kama shi, daga dutsen asibiti za a wuce, ba gida ba.