Yadda Na Rabu da 'Ya'yan Koi 140

Tafkin da ke bayan gidana ba wani babba ba ne. Na siminti ne, yana cin ruwa kusan lita 8,000, zurfinsa mita ɗaya da 'yan kai. Shekara huɗu kifin koi, wato kifin ado irin na Japan, guda shida ne kawai a ciki, kuma kowanne na san shi da kamanninsa. Akwai wata 'yar nau'in Kohaku, fara mai jan zane a gadon baya, wadda ta fi kowa girma da haɗama. Akwai Showa biyu, baƙaƙe masu ratsin ja da fari. Sauran ukun Ogon ne, launi ɗaya, suna ƙyalli kamar an goge tasa. Ban taɓa zama na tantance mace da namiji ba, don ni kallo na ajiye su, ba hayayyafa ba.

Wata asuba, lokacin da ruwan ya ɗumama ya haura digiri 20, na ji facal-facal daga ɗaki. Na fito na tarar saman ruwa ya yi kumfa, ƙarni ya cika wurin, mazan sun sa Kohakun nan a tsakiya suna tunkuɗa ta cikin ciyayin gefe. Kafin hantsi kowace saiwa ta cika da ƙwai ƙanana masu danƙo. Macen koi takan zuba ƙwai kusan 100,000 a kan kowane kilo na nauyinta, amma a tafki irin nawa iyayen ne da kansu ke bi su cinye kusan duka. Da na naɗe hannu na zuba ido, da magana ta ƙare a nan. Tausayi ne ya ja ni. Na tumɓuke ciyayin da ƙwai a jiki, na sa a wani babban baho da injin hura iska. Kwana huɗu suka ƙyanƙyashe, sirara kamar gashin ido.

Dubbai ne da farko. Wasu suka mutu, wasu kuma 'yan'uwansu ne suka haɗiye su, domin a kowane zubi akan sami 'yan kaɗan masu saurin girma, waɗanda Japanawa ke kira tobi, da ke mayar da ƙananan abin kalaci. Da suka kai tsawon ɗan yatsa na juye su cikin babban tafkin. Na ƙirga 140.

Wata biyu ba a yi ba ruwan ya fara ba ni labari. Matatar ruwa da nake wankewa sau ɗaya a sati ta koma toshewa duk bayan kwana biyu. Kwalbar gwajin ruwa, wadda da ba ta nuna komai, ta fara nuna amoniya, gubar da ke fitowa daga dattin kifi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da sassafe, lokacin da iska ta fi ƙaranci a ruwa, sai in tarar da manyan sun taru a inda ruwa ke zubowa suna buɗe baki a sama. Masu kiwon koi sukan ware wa kowane babban kifi ruwa kamar lita 1,000, saboda yana kai santimita 60 zuwa 70 cikin 'yan shekaru, kuma yana iya rayuwa shekara 25 ko fiye. Da wannan lissafin tafkina na kifi takwas ne. Ni kuwa na tara 146.

A yankin Niigata na Japan, wajen Ojiya da Yamakoshi, inda manoma suka fara ware masu launi tun ƙarni na 19 kafin a baje kolinsu a Tokyo a 1914, ba a wahalar da kai irin haka. Tun kifin na ƙanana ake zama a tace su zagaye bayan zagaye, a ajiye ɗan kaɗan mai kyawun zane, a kawar da sauran. Na san da wannan, zuciyata ce ta ƙi. Kuma gaskiyar magana, da ƙwararre ne ya zauna a kan nawa, da wuya ya ajiye biyar. Mafi yawansu ruwan ƙasa ne ko ruwan goro mai dabbare-dabbare, ba su ɗauko kyan uwa ba, ba su ɗauko na uba ba.

Wani abokina ya ce me zai hana in ɗebe su da dare in juye a rafi, ai kifi ɗan ruwa ne. Na ce masa wannan kam a'a. Koi kifi ne mai tonon ƙasan ruwa, yana tumɓuke tsirrai, ya dama laka, ya hana kifin asalin wurin sakat, kuma bayan 'yan haihuwa launin ma yakan gushe ya koma duhu. A Ostireliya danginsa sun mamaye kogunan Murray da Darling, a Niyu Zilan kuma hukuma ta sa koi cikin jerin kifi masu ɓarna saboda abin da ya yi a yankin Waikato. Ƙasashe da yawa sun haramta sakin kifin ado a ruwan waje. Ko babu doka, ban ga dalilin kwashe matsalata in zuba wa kogi ba.

Sai na sanar cewa ina da 'ya'yan koi kyauta. A nan na tafka kuskuren da har yau yake ci min rai.

Wanda ya fara zuwa wani saurayi ne mai fara'a, da bokiti a hannu. Ya ce, "Yaya, nawa za ka iya ba ni?" Ni kuma da na ƙagu, na ce nawa yake so. Ashirin na kama masa. Ban tambaye shi komai ba. Da safen ranar ma na ciyar da su har suka ƙoshi, saboda haka kafin ya isa gida sun ɓata ruwan bokitin da kashinsu. Bayan kwana biyar ya kira ni, murya a sanyaye: "Yaya, wallahi saura uku." Da na bi diddigi, ashe tankin sabo ne dal, ranar ya cika shi da ruwan famfo mai kulorin, matatar kuma a ranar ya fito da ita daga kwali. Matatar ruwa ba tace datti kaɗai take yi ba. A cikinta ne wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke zama suna juya amoniya zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa, kuma kafin su kafu akan ɗauki sati huɗu zuwa shida. Shi bai sani ba. Ni na sani, na yi shiru saboda ina son tafkina ya yi sauƙi.

Daga ranar duk wanda ya nema sai mun yi hira tukuna. Lita nawa ne ruwanka? Tun yaushe matatarka ke aiki? Kifi nawa ne a ciki yanzu? Turo min hoto. Wasu suka ji haushi, wani har ya ce kyautar kifi ce ko neman aure. Na yi dariya, amma ban ba shi ba.

Wadda ta fi ba ni wahalar hanawa wata mata ce da ta zo da ɗanta ɗan shekara shida. Akwatin gilashi gare su na lita 60, yaron ya riga ya zaɓi wani mai jan goshi, har ya raɗa masa suna. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan nan da shekara ɗaya ko juyawa ba zai iya yi a akwatin nan ba." Ta ce ita an gaya mata kifi daidai mazubinsa yake girma. Mutane da yawa sun yarda da wannan magana. Abin da ke faruwa shi ne kifin yakan tsumbure saboda ƙunci da gurɓatar ruwa, ya yi ta ciwo, ya mutu tun kwanansa bai kai ba. Na kai su bakin tafki na nuna musu uwar. Da ta taso ta buɗe baki, yaron ya ja da baya ya riƙe zanen mahaifiyarsa. Ita ma ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe haka suke zama?" Na ba ta shawarar ƙananan kifin ado da suka dace da gilashi. Yaron dai bai yafe min ba, har suka fita yana waiwaye.

Wanda ya koya min aikin sosai wani dattijo ne mai tafki ninki huɗu na nawa, ya fi shekara 20 yana kiwon koi. Shi ne ya juya tambayoyin kaina: ko na sa sabon kifi a bana, ko wani ya mutu min ba dalili, ko na ga suna goga jiki a bango. Ya ce zai karɓi 30, amma ba za su ga tafkinsa ba sai sun yi sati huɗu a wani tanki daban, da ragarsu daban, da bokitinsu daban. Na ce, "Baba, ai lafiyarsu ƙalau." Ya ce, "Ɗana, ido ba ya ganin KHV." Cuta ce ta bairos da ke kama koi, wadda ta yi mummunar ɓarna a Isra'ila a 1998 kafin a same ta a ƙasashe da dama. Ba ta da magani, tana tashi ne idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 16 da 28, kuma kifin da ya tsira yana iya ɗauke da ita a ɓoye ya shafa wa wasu. Ko ruwan ledata bai yarda ya shiga tankinsa ba. Ya bar ledar tana yawo a saman ruwa minti 20 don ɗuminsu ya daidaita, sannan ya tsamo kifin kaɗai, ya zubar da ruwan can gindin bishiya.

A wurinsa na gyara yadda nake ɗaure su. Kwana biyu ko uku kafin tafiya sai in kama waɗanda za a ɗauka in ware a baho, in daina ba su abinci don cikinsu ya zama wayam. Bahon dole a rufe shi da raga, domin koi in ya ji sabon wuri tsalle yake yi. Biyu na rasa a haka, na tarar da su sun bushe a ƙasa. Kamun kansa wani aiki ne. Kifi na ganinka mai jar koma: da sun hangi inuwar raga sai kowa ya nutse, sai da na koyi rage ruwan zuwa rabi in kora su kusurwa a hankali. Leda biyu nake haɗawa, ɗaya cikin ɗaya, in ɗaure kusurwoyin ƙasa da roba kada ƙarami ya maƙale. Ruwa kashi ɗaya cikin uku, sauran iska, oksijin in tafiyar mai nisa ce. Ledar a kwance cikin kwali ko kula, a rufe, don duhu na kwantar musu da hankali. Da sanyin safiya ake tafiya, kuma ba a biyawa ko'ina.

Wata uku na ɗauka kafin su ƙare, gida 11. Masu kyan zane tun satin farko aka wawashe su, abin da ya sa daga baya na kafa sharaɗi: duk wanda ya zaɓi mai kyau biyu, sai ya haɗa da mara kyau ɗaya. Saurayin nan ma ya dawo bayan matatarsa ta kafu, da kwalbar gwaji a aljihu, na ba shi huɗu, kuma suna nan da ransu. A ƙarshe saura biyu da kowa ya tsallake, wani ruwan ƙasa mai faɗin kai da wani fari fat ba ɗigon ja ko ɗaya. Su na riƙe, tafkin ya cika takwas ɗinsa. Mai ruwan ƙasan nan yanzu shi ne ke fara zuwa ya ci a tafin hannuna, har Kohakun yake turewa.

Da shekara ta zagayo na sake jin facal-facal ɗin da asuba. Na fito na ƙara ƙarfin injin iska, na shirya canja wani kaso na ruwan da rana saboda kumfar, na tsaya ina kallon Ogon ɗin suna bin saiwoyi suna tsince ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Bahon yana can kife a jikin bango, ban taɓa shi ba.